"Sannu ba ta hana zuwa": wai har da ƙanƙara?

Ɗan Gwale: Jama'a, an ba ƙanena aikin gida ya fassara sunan masanan da Bature ke kira gilasiyolojis. Na ce ya rubuta "masanin ƙanƙara". Malaminsu kuma wai ya ce aikin masanan kaf yana cikin karin maganar nan, sannu ba ta hana zuwa. Ina haɗin?

'Yar Fagge: Masanin ƙanƙara? Ai a Kano wannan mai sayar da ita ne da azumi, wanda ya san wadda za ta kai magariba ba ta narke ba.

Malam Na Kurmi: Hajiya, kin yi gaskiya, sunan ya yi faɗi. Ƙanƙarar firji da wadda ke zubowa da ruwan sama duk suna ɗaya muke ba su. Tasu dabam ce: dusar ƙanƙara ce ke taruwa shekara da shekaru, ta danne juna ta yi tauri kamar dutse, nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa. Ni "masanin kogin ƙanƙara" zan ce. Tun wajen 1840 wani masani mai suna Louis Agassiz ya jera turaku a kan wani irin wannan kogin a Suwizalan, da aka dawo sai aka tarar na tsakiya sun wuce na gefe, kamar ruwan kogi. Ido bai ga motsin ba, amma an tafi. Ga sannu, ga zuwa.

Baban Zara: Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Mutum ake yi wa wannan maganar, mai niyya, don a kwantar masa da hankali. Ƙanƙara ina ta nufa? In dole sai an liƙa ta, a liƙa wa masanan. Su ne suka yi shekaru suna haƙa a Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, har suka zaro ƙanƙarar da ta riƙe iskar shekara 800,000.

'Yar Fagge: Kun ma yanke mata wutsiya: sai dai a daɗe ba a je ba. Kuma yanzu wane zuwa? Ta kan dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun 1912.

Malam Na Kurmi: Hajiya, a kogin ƙanƙara bakinsa na ƙasa ne ke ja da baya saboda narkewa, jikin kuwa yana nan yana gangarowa.

Ɗan Gwale: To ni dai na sa ya goge, ya rubuta "masanin kogin ƙanƙara". Karin maganar kuma ya kai wa malaminsu ƙorafin Baban Zara gobe.