Wai da gaske Rimsky-Korsakov ya fara koyarwa bai san abin da zai koyar ba?

Malamin_Aji_Biyu:
Assalamu alaikum. Daren jiya ina makin jarrabawa aka ɗauke wuta, sai na kunna wani kiɗan Rasha a waya, Scheherazade, don kada barci ya sace ni. Wai labarin Dare Dubu da Ɗaya ne aka mayar kiɗa zalla, ba mai rera komai. Da na bi diddigin mai shi sai na ga an ce an naɗa shi farfesa alhali bai san ƙa'idojin fannin ba. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri? Abin ya taɓa ni ne don ni Hausa na karanta, amma bana aka ɗora mini lissafi. Kullum dare sai na koyi darasin gobe.

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba gishiri a ciki, shi da kansa ya faɗa a tarihin rayuwarsa. Na yi karatu a birnin da ya koyar, St. Petersburg, tun ana ce masa Leningrad, kuma makarantar kiɗan can sunansa take ɗauke da shi.

Asalinsa hafsan sojan ruwa ne. An haife shi a Tikhvin a 1844, ya yi wajen shekara uku a teku cikin jirgin Almaz. A 1871, yana ɗan shekara 27, aka ba shi kujerar farfesa a makarantar. Kunne gare shi, ya riga ya tsara kaɗe-kaɗen da aka yaba, amma ilimin haɗa sautuka a takarda babu. Sai ya riƙa lallaɓa ɗalibai su yi ta magana yana tsinta, in ya koma gida ya duƙufa kan littafi. Har abokansa masu tsara kiɗa, su Mussorgsky, suka fara ganin boko ya cinye shi. Daga baya shi ya rubuta littafin da ake koyar da fannin. Manyan masu tsara kiɗa irin su Glazunov da Prokofiev sun zauna gabansa, Stravinsky kuwa har gida yake zuwa ɗaukar darasi.

Abin da ya fi burge ni 1905 ne. Ya goyi bayan ɗaliban da suka yi bore, aka sallame shi. Abokan koyarwarsa Glazunov da Lyadov suka ajiye aiki, dole aka dawo da shi.

Maman_Biyu:
Baba, ka bar wa Malam kiɗan a baya! Malam, ka sake saurara. Wannan ƙaho mai kauri da ya buɗe, kamar kakaki, Sarki ne. Gogen nan guda ɗaya mai siririyar murya da ke biyo shi, Shaharzad ce. Duk sanda ta dawo, ta ɗauko wani labarin. Ruwan da ke jijjiga jirgin Sindbad kuwa, ka ji mutumin da ya kwana a teku. A 1888 ya tsara shi.

Ɗan_Gardama:
Ni fa Baba ban sayi yabon duka ba. Da ya ƙoshi da ilimin, sai ya bi Boris Godunov, wasan kwaikwayon waƙa na Mussorgsky, bayan mutuwar mai shi, yana gyara abin da ya ɗauka kuskure ne. Yanzu manyan gidajen wasa sun fi komawa kan na asalin. Gyaran gangar auzinawa.

Malamin_Aji_Biyu:
Na gode ƙwarai, Baba. Hajiya, na ji gogen, har na maimaita ƙarshen sau biyu. Bari in koma, gobe da safe rabawa mai tsawo zan koyar kuma har yanzu tana ba ni ruwa.