Don Allah a taimaka min da katunan gefe na Yu-Gi-Oh

Salamu alaikum 'yan uwa, daga Garwa nake. Muna da gasa ƙarshen wata, wasa uku ne wanda ya ci biyu ya wuce. Ni na saba da Master Duel a waya inda babu katunan gefe (katunan ajiya da ake musanyawa da na dek tsakanin wasa da wasa), to abin ya cakuɗe min. Dek ɗina (katunan da nake wasa da su) 40 cif, na gefe 15, amma da na sha kashi a wasan farko sai in zuba shida ko bakwai daga na gefe in cire masu jawo min haɗin katuna (combo), wallahi jiya kati biyar a hannuna babu ko ɗaya da zan buɗe wasa da shi. Ku nawa kuke canjawa? Kuma in ni zan fara, Ash Blossom ɗina uku (katin da ke tare wasan abokin karawa) in barsu ko in rage?