Tambaya: Finafinan Yahudawan da suka ɓuya lokacin Hitila, ina abinci yake fitowa?

Ummu_Haidar ta rubuta:

Assalamu alaikum. Masana fim da tarihi, ina da tambaya. A The Pianist da fim ɗin Anne Frank na 1959, ana nuna mutane a kulle cikin ɗaki wata da watanni ba sa leƙa ko ƙofa. To wa yake ciyar da su, alhali abinci da kati ake sayensa lokacin yaƙi? Bayan gida fa? Kuma wane fim ne ya fi kusa da yadda abin ya kasance?

Malam_Tarihi ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kin taɓo inda finafinai suka fi tsallakewa. Samun ɗaki shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen riƙe rai a cikinsa kullum.

Ɗauki maɓoyar su Anne Frank, yarinyar nan Bayahudiya, lamba 263 a titin Prinsengracht na Amsterdam a ƙasar Holan. Sun shiga 6 ga Yulin 1942, aka kama su 4 ga Agustan 1944. Mutum takwas ne daga ƙarshe, kuma sai da mutum shida suka tsaya musu daga waje: Miep Gies da mijinta Jan, Kugler, Kleiman, Bep Voskuijl, da mahaifinta wanda ya ƙera kantar littattafan da ta rufe ƙofar. Wanda ya ɓuya ba shi da katin rabon abinci, don haka a kasuwar bayan fage ake saye. Sannan ba a sayen cefanen mutum takwas a shago ɗaya, mai shago zai ɗago. Dole a rarraba, ko a samu mai kayan miya da mahauci masu rufa asiri. Nan ne igiyar take tsinkewa: a Maris 1944 aka kama masu kawo musu katin, a watan Mayu aka kama mai kawo dankali saboda shi ma ya ɓoye Yahudawa biyu. Kowane kamu, tukunya ce take raguwa.

Batun bayi kuwa, bututunsa ta cikin sito ya bi, kuma ma'aikatan siton ba su san da mutane a sama ba. Suna fara aiki takwas da rabi na safe, ma'aikatan ofis ba sa zuwa sai tara. Cikin wannan rabin awar ba kora ruwa, ba buɗe famfo, ba takawa da takalmi. Da aka kira mai gyaran famfo ya yi aiki a ƙasa, kwalba suka mayar fo. Shara kuma a murhu ake ƙona ta.

Fim ɗin 1959 ya kama tsoron ƙara da kyau, amma daga wasan dandamali aka ɗauko shi, shi ya sa kyamara ta zauna a ɗaki, masu faɗi-tashin waje ba a cika ganinsu ba. Ki kuma sani iyali guda a wuri guda shekara biyu ba shi ne aka saba ba. A Holan yawanci raba yara ake yi da iyayensu, ana ta sauya musu gida.

Dan_Kyamara ya amsa:

Malam ya yi bayani. Ni in an ce wanne ya fi gaskiya, In Darkness na Agnieszka Holland (2011) zan nuna, ba haufi. Labarin Leopold Socha ne, ma'aikacin magudanar ruwa ta ƙarƙashin birnin Lviv, wanda a lokacin ake kira Lwów. Yahudawan da ya ɓoye sun shiga ramin magudanar lokacin da ake rushe unguwar Yahudawa a 1943, sun yi wata 14 a ciki, goma ne suka fito a Yulin 1944.

Abin da ya sa na fifita shi, bai ɓoye maganar kuɗi ba. Da farko biyan Socha ake yi, zuloti (kuɗin Polan) 500 kullum. Kuɗin suka ƙare, ya ci gaba da kai burodi daga aljihunsa. Yawancin finafinai suna so mai taimako ya zama waliyyi tun daga fitowarsa ta farko. Nan an bar shi tsohon ɓarawo mai lissafi, a hankali zuciyarsa ta juya. An nuna kwarkwata, ɓeraye, da ruwan sama da ya cika magudana har ya kusa kai musu wuya. An nuna jaririn da aka haifa a ciki bai rayu ba, domin kuka ɗaya ya isa ya tona asirin kowa.

Ta fuskar aiki kuma, daraktar ta ƙi haska ramin. Hasken fitilar hannu ne yake yawo, fuska ta bayyana ta ɓace. Ta kuma ƙi a yi shi da Turanci, aka yi da Polanci, Yidishanci (harshen Yahudawan yankin), Jamusanci da harshen Yukiren. Wannan ba ado ba ne, domin a wancan zamani karin harshe kaɗai yana iya sa a gane Bayahude.

A tuna, a Polan da aka mamaye, dokar 15 ga Oktoban 1941 ta yanke kisa ga duk wanda ya ɓoye Bayahude. A ƙauyen Markowa na Polan, ranar 24 ga Maris 1944, an harbe Józef da Wiktoria Ulma da 'ya'yansu shida tare da Yahudawa takwas da suka ɓoye.

Ummu_Haidar ta rubuta:

Allahu Akbar. Na gode ƙwarai. Ke nan duk wanda ya tsira a ɗaki ko rami ya zauna?

Anti_Bilki ta amsa:

A'a ƙanwata, akwai ɓuya a bainar jama'a, kuma ita ce aka fi mantawa. Nemi fim ɗin Jamus Die Unsichtbaren (2017). Yahudawa kusan 7,000 ne suka ɓuya cikin Barlin, ƙasa da 2,000 suka ga ƙarshen yaƙin. Hanni Lévy ta rina gashinta ya koma fari-fari, tana wuni a gidajen sinima saboda akwai duhu da ɗumi. Cioma Schönhaus kuwa jabun takardu yake yi: a samo katin shaida na gaske, a cire hoton mai shi a maƙala sabo, sai ya zana ɓangaren hatimin da ya hau kan hoton da hannu har ya haɗu da na kan takardar. In layi ɗaya ya kauce, an gama da mai katin. Babban haɗarinsu shi ne wanda ya san su tun da, domin 'yan Gestapo, 'yan sandan ciki na Hitila, sun tilasta wa wasu Yahudawa, irin su Stella Goldschlag, farautar 'yan'uwansu a tituna da gidajen shayi.

Maza sun fi shiga uku saboda kaciya, wadda Kiristocin yankin ba sa yi a lokacin. Europa Europa (1990) a kan haka ya ginu: Solomon Perel, Bayahude mai ɓoye asalinsa, yana makarantar matasan Hitila, amma wanka da gwajin likita sun fi masa fagen fama tsoro.

The Pianist da kika ambata ma kada a raina shi. Ya nuna ana kulle wa Szpilman, makaɗin da labarin yake kansa, ƙofa daga waje don maƙwabta su ɗauka ba kowa, ya kuma nuna aibin dabarar: mai kawo abinci ya yi sakaci, sai ga yunwa da shawara, ga ƙofa ba ta buɗuwa daga ciki. Ki fara da In Darkness, amma ki kalle shi da dare an kashe wuta, in ba haka ba rabin abin da ke cikin ramin ba za ki gani ba.