Zoben benzin a cikin magunguna: abin da tattaunawar ta tsayar

An tattauna ne kan ko zoben benzin da ke cikin wasu magunguna na mai da su guba. Benzin wani sinadari ne da ƙwayoyin carbon shida na cikinsa suke haɗe kamar zobe.

1. Kowa ya yarda benzin a karan kansa yana jawo sankarar jini. Amma kasancewar zobensa a asfirin ko farasitamol bai mai da su guba ba, don haka kada wani ya ajiye maganin da likita ya ba shi saboda wannan.

2. Abin lura shi ne yadda hanta ke sarrafa magani. Farasitamol in ya wuce ƙima, NAPQI, wato sinadarin da hanta ke samarwa wajen sarrafa shi, na taruwa ya lalata hantar.

3. An rabu kan zoben da ke ɗauke da amin, wato wani rukunin sinadari mai nitrogen. Wasu na ɗari-ɗari da shi: benzidin, wani sinadarin rini mai irin wannan zobe, na jawo sankarar mafitsara, kuma Amurka ta janye fenasitin, wani maganin ciwo mai zobe makamancinsa, a 1983. Wasu suka ce gwajin Ames (wanda ake yi da bakteriya don a ga ko sinadari na sauya ƙwayoyin gado) da gwajin dabbobi ne alƙali, ba siffar sinadari ba. Ni ma nan na karkata.