Yayana ya dawo daga Kidal, ina son yin fim a kansa amma ya ƙi magana gaban kamara

Mai Kamara, Ridina, Injamena:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata ɗaukar biki da suna, shekara shida ke nan ina yi a nan Injamena. Yau shawara na zo nema a kan aikin da ya fi ƙarfin abin da na saba.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, direba ne a soja, kuma sau biyu ya je Mali. Zuwan farko a farkon 2013 ne, lokacin da Chadi ta tura soja kusan 2,000 suka ratsa ta Nijar suka shiga Kidal. Yana can aka yi gumurzun duwatsun Ifoghas ranar 22 ga Fabrairu, wanda ya ci ran sojojinmu 26. Ina yaro a lokacin, amma ban manta yadda Inna ta kwana uku rediyo na kan cinyarta ba. Zuwa na biyu da shuɗiyar hula ya je, ƙarƙashin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira MINUSMA, kuma da shi aka rufe ƙofa. Yana cikin ayarin da ya bar Kidal ranar 31 ga Oktoban 2023: motoci 143, mutum 848, tafiyar kilomita kusan 350 zuwa Gawo, amma sai ranar 7 ga Nuwamba suka isa. Sau shida suna taka nakiya, kuma babu jirgin sama da ke yi masu rakiya.

Yanzu ya ajiye kaki, yana jan motar kaya. Ni kuma abin da ke raina shi ne in yi fim na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, a kan yadda shekara goman nan ta ƙare ga mutanen da suka je. Duk abin da na gani an ɗauka a kan Mali, ko dai manya ne ke jawabi, ko tuta ake saukewa. Direban da ya tuƙa motar ba wanda ya tambaye shi.

Ga inda na maƙale. Sau uku na zaunar da shi a tsakar gida, na kafa kamara, na kunna fitila. Da ya ga jan hasken nan ya kama, sai ya gyara zama kamar mai amsa tambayar babbansa, ya ce: "Mun je, mun yi aikin da aka sa mu, Allah ya dawo da mu." Shi ke nan. Alhali mutumin nan idan muna tafe a mota, har yau ba ya yarda tayarsa ta sauka daga sawun motar da ke gaba, ko a kan kwalta ne idonsa na gefen hanya. Ranar da wani yaro ya jefar da buhu a bakin titi wajen Dembe, sai da ya taka burki har kaina ya bugi gilashi. Wannan ne labarin, kuma shi ne na kasa kamawa.

Yana da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi a cikin akwatin ƙarfe, da 'yan bidiyo da ya ɗauka a hanya. Ya ba ni na kalla sau ɗaya, ya karɓe abarsa. Ta ina zan faro? Kuma a ina irin wannan fim yake ƙarewa?

Ɗan Garwa:

Wa alaikumus salam. Ni aikin murya nake yi, na rediyo da haɗa shirye-shirye, to ta wannan ɓangaren zan ba ka abin da na sani.

Ka kashe fitilar nan. Kai ka saba da amarya da ke son a gan ta, shi kuwa yayanka shekaru ya yi ana koya masa kada ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba. Kujera da fitila da kamara a gabansa, ai bincike ya gani. Ka sayi ƙaramin makirfon ɗin da ake maƙalawa a wuyan riga, ka gaya masa gaskiya cewa kana naɗar murya, sannan ku shiga mota ku tafi inda za shi. Mutum ya fi sakin baki idan hannunsa na kan aiki kuma ba a kallon ƙwayar idonsa. Hoto ka ɗauke shi daga baya: hannunsa a kan sitiyari, hanyar, akwatin nan, hular. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma muryar da ba a ji ba wanda zai zauna mata minti biyar. Ka rufe gilashin mota saboda iska, kuma duk inda kuka tsaya ka naɗi minti ɗaya na sautin wurin ba tare da magana ba, za ka gode mini ranar haɗawa.

Batun wayar, kada ka bari ya turo maka ta WhatsApp, domin yana matse bidiyo ya rage masa kyau, kuma ranar da aka ɗauka tana iya ɓacewa. Ka jona wayar da kwamfuta ka kwafe yadda suke. Ka ajiye a wuri biyu, ɗaya a gidanku ɗaya a wani gida. Na taɓa rasa hirar wata uku saboda wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ta ƙone mini ma'ajiya, tsohon da na yi hirar da shi kuma ya rasu kafin in koma.

Abu na ƙarshe: wanda har yanzu yake cikin kaki kada ka sa shi a kamara sai da izinin manyansa, za ka jawo masa fitina. Kuma ka nemi takardar izinin ɗauka kafin ka fito da kamara a titi, ka yi nesa da bariki da gada da filin jirgi.

Malamin Marwa:

Ƙanena, Allah ya yi riƙo da hannunka. Amma ina da gyara ɗaya, kuma ina ganin shi ne zai ba ka amsar tambayarka ta biyu.

Ka ce yadda abin "ya ƙare". Ga wa ya ƙare? Gwamnatin Mali ce ta ce rundunar ta fice, a watan Yunin 2023, Kwamitin Sulhu ya amince ranar 30 ga watan, ya sa 31 ga Disamba ta zama wa'adi. Sojojinku sun bar Tesalit da Agelhok a Oktoba, suka bar Kidal ƙarshen wata. Sati biyu bayan haka, ranar 14 ga Nuwamba, sojan Mali suka shiga Kidal tare da mayaƙan Rasha na Wagner, mutanen gari da yawa suka gudu. Yaƙi bai tsaya ba. Rabonku a cikinsa ne ya ƙare. Idan fim ɗinka ya rufe da motoci na shiga Gawo ana sauke ajiyar zuciya, ka gaya wa mai kallo rabin magana.

Sansani irin wannan ba soja kaɗai ke cikinsa ba. Akwai masu wanki, masu dafuwa, masu fassara, masu kawo ruwa da awaki, duk 'yan ƙasa. Ranar da ayari ya tashi, su ba su shiga mota ba. Ka tambayi yayanka wa ya bari a can wanda yake tunawa. Na tabbata akwai. Ba sai ka je Mali ba, kuma ban ba ka shawarar zuwa ba. A Gawo akwai masu jin Hausa, 'yan kasuwa da masu zuwa Nijar, murya ɗaya ta waya daga can za ta canza nauyin fim ɗin gaba ɗaya.

Sannan ka shirya wa maganar harshe tun yanzu. Abokan yayanka wani da Larabcin Chadi zai yi maka magana, wani da Faransanci, wani da Goranci ko Saranci. Ka bar kowa da harshen da yake baƙin ciki da shi, kai ka sa fassara a ƙasan allo.

'Yar Ambasatna:

Ni ban san kamara ba, amma na san gidan da aka kawo wa saƙo. Mijin ƙanwata yana cikin waɗanda ba su dawo ba, nakiya ce ta tashi da motarsu. Ya bar ta da yara uku, ƙaramin yana goye.

Ɗana, ka ce fim a kan mutanen da suka je. To mu da muka zauna fa? Ranar 20 ga Janairun 2019 da aka kai hari Agelhok aka kashe sojojinmu goma, kafin a faɗi sunaye duk gidan da ke da mutum a can ba a ɗora tukunya ba. Mata na bin juna gida gida, kowa waya a hannu, kowa na tsoron ta yi ƙara. Wannan ma yaƙi ne, a cikin unguwa aka yi shi.

Ƙanwata ta yi takaba wata huɗu da kwana goma a ɗakina. Abin da take yi kullum bayan sallar isha'i, ta kunna saƙon murya na ƙarshe da ya aiko, wanda yake cewa a saya wa babbar yarinyar takalmin makaranta kafin ya turo kuɗi. Ba wata magana mai nauyi a ciki, takalmi ne kawai. Har yau yana wayarta, ta canza waya sau biyu tana kwashe shi.

Idan kana so zan yi mata magana. Amma ga sharaɗina, kuma ina roƙonka da girman Allah. Kada ka nuna gawa. Bidiyon da ke yawo a wayoyi bayan kowane hari, akwai uwar da ta gane ɗanta a ciki kafin a zo a gaya mata. Duk wadda ta ce a rufe fuskarta ka rufe, kada ka ce hoton zai fi kyau a buɗe. Kuma kafin ka kai shi ko'ina, ka kawo shi gida su fara gani, abin da suka ce a cire ka cire. Maganar haƙƙoƙin mamata da wahalar bin takardu za ta taso, ka bari su faɗa da bakinsu gwargwadon yadda suka ga za su iya ɗauka.

Baba Tela:

Jikana ne yake rubuta mini wannan. Yaro, yi sauri, shi ne kawai. Aminina da muka tashi tare ya yi yaƙin Libiya, yana garin Fada a Janairun 1987, yana Wadi Dum a watan Maris. Kotun duniya ta ba Chadi yankin Awuzu a 1994, Libiya ta janye a shekarar. Duk wannan yana cikin littafi. Amma yadda suka sha ruwan da ke cikin injin mota don ƙishi, a bakin shagona ya ba ni labarin, shekara da shekaru muna shan shayi, ban taɓa tunanin a naɗa ba. Ya rasu da abinsa. Ni kuma yanzu rabi na manta. Kada ka jira sai ka sami babbar kamara.

Mai Kamara, Ridina, Injamena:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bari sai da na gwada kafin in dawo.

Shekaran jiya Yaya zai kai kaya Masaguet, na ce zan raka shi. Na nuna masa makirfon, na ce murya kawai, duk abin da bai so ba zan goge a gabansa. Ya ce to. Har muka fita gari bai ce komai ba sai maganar tsadar mai. Sai na yi tambayar Malam: Yaya, wa ka bari a Kidal?

Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba. Can ya ce akwai wani dattijo mai faci da ke zuwa bakin sansani, shi yake gyara masu tayoyi, ba ya jin Larabcinmu sosai, shi kuma Yaya ba ya jin Buzanci, da hannu suke ciniki. Kafin su tashi an ba su umurnin lalata kayan da ba za su iya ɗauka ba, don kada su faɗa hannun kowa. Ya ce yana tsaye ana lalata abubuwa masu kyau, dattijon na waje yana kallo ta wayar shinge, bai roƙi komai ba. Da asuba da ayari ya motsa, ya hango shi ta madubi, tsaye da famfon iska a hannu. Ya ce a cikin kwanakin nan na hanya, duk da nakiyoyin, wannan ne abin da ya fi dawo masa.

Minti 19 na samu. Injin yana ƙara a ciki amma ana jin kowace kalma. Da muka dawo na kunna masa a ɗaki, ya saurara har ƙarshe, bai ce in goge ba. Da dare ya aiko ɗansa da wayar nan mai fasasshen gilashi a cikin leda, na kwafe komai, kwafi ɗaya yana gidan Gwaggo.

Hajiya, don Allah ki yi wa ƙanwarki magana, na karɓi sharuɗɗanki duka, kuma zuwan farko ba zan zo da kamara ba, gaisuwa kawai. Baba, ina son in zo shagonka ranar Juma'a bayan masallaci in naɗi rabin da ka tuna, in ka yarda. Ɗan Garwa, zan turo maka minti ɗaya ka ji ko ƙarar injin za ta ragu. Wanda kuma yake da ɗan uwa a Gawo, ko wani da ya baro Kidal a ƙarshen 2023 kuma zai yarda ya yi magana ko da ba suna, ya taimaka ya haɗa ni da shi.