Taƙaitawar shawarwari kan koyar da tarihin Amurka a sakandare

Ga abin da na tattara daga doguwar tattaunawar malamai.

1. Kusan kowa ya yarda a fara lissafin makonni daga ƙarshen shekara, domin da yawa sun koka cewa sukan daɗe a kan zamanin mulkin Ingila da 'yancin kai na 1776, har hutu ya riske su ba su kai ga yaƙin Biyetnam ba. Wasu sun ce a raba manhajar a 1877, lokacin da aka kawo ƙarshen sake gina jihohin kudancin Amurka bayan yaƙin basasar ƙasar.

2. An fi son ɗalibai su karanta takardun asali da kansu. Jawabin da shugaban Amurka Abraham Lincoln ya yi a 1863 a Gettysburg, ɗaya daga filayen dagar yaƙin basasa, aka fi ambata, saboda bai kai kalmomi 300 ba, ana iya bin sa layi-layi a darasi guda.

3. A kan aikin gida ne kawuna suka rabu. Wasu na ganin shafi kaɗan da tambayoyi uku kullum sun wadatar, wasu kuwa sun fi son rubutu ɗaya mai tsawo a mako. Ni dai na karkata ga na biyun, duk da cewa makinsa na cin lokacin malami.

4. Haddace kwanakin tarihi bai sami magoya baya sosai ba.