Neman shawara: Auta ta dage sai ta shiga gasar sarauniyar rodiyo

Maman Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kwana uku ke nan rabona da barcin kirki. Mun zo jihar Teksas ta Amurka a 2012, lokacin Auta tana 'yar mitsitsiya. Huston muka fara zama, daga baya aikin Babansu ya maido mu wani ƙaramin gari, inda ko Juma'a sai mun yi tuƙin minti 40 kafin mu samu masallaci. Maƙwabciyarmu wata tsohuwar Baturiya ce, mijinta ya rasu ya bar mata dawaki huɗu. Ita ta fara ɗora Auta a kan sirdi tana shekara tara. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, yarinyar ce ke kwashe mata kashin barga, ta ba dawakin ciyawa da ruwa. Ni a lokacin murna na yi, don ya fi mini zaman latsa waya. Matar nan har azumi ya zo takan tambaya ƙarfe nawa za mu sha ruwa, ta aiko da kankana.

Yanzu shekarar Auta 16. Tana yin tseren ganga, wanda ake kafa ganguna uku a kewaye su a guje, in ka kayar da ɗaya a ƙara maka daƙiƙa 5. To bana sai ta ce za ta shiga gasar sarauniyar rodiyon gundumarmu, rodiyo kuwa shi ne wasan kaboyi na dawaki da shanu da suke yi a nan. Wadda ta ci ita ke shiga fili da tuta a sukwane ranar buɗe wasa, ta yi shekara guda tana zuwa makarantu da bukukuwa da sunan rodiyon. Damuwata ɗankwalinta. Duk hotunan waɗanda suka ci a baya da na gani, gashi ne a murɗe ya zubo ta ƙarƙashin malafa har kafaɗa. Ita kuwa ta ce da ɗankwalinta za ta shiga, ta ɗora malafar a sama kamar yadda take yi kullum. Takarda dai an riga an cike. Ya zan yi?

Hajiyar Dalas: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki cire ta tun da wuri. Gasar kyau ce, doki kawai aka shigo da shi don a rufe wa iyaye baki. Shekarata 24 a ƙasar nan, babu kalar da ban gani ba. Yau gunduma ce, gobe ta ce sai Miss Rodeo Texas a San Antonio, jibi Miss Rodeo America, wadda a Las Vegas ake yin ta lokacin babban rodiyon ƙarshen shekara. Las Vegas fa! Garin caca. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Antin Oklahoma: Hajiya, Allah Ya huci zuciyarki, amma ba haka abin yake duka ba. Tawa ta shiga irin ta ƙungiyar rodiyon 'yan sakandare. Akwai jarrabawar rubutu kan dokokin wasa, akwai jawabin da za ki haddace, akwai tambayar da za a jefo miki nan take, akwai ganawa da alƙalai, sannan hawan doki, wanda makinsa ba kaɗan ba ne. Za a ba ki zanen yadda za ki bi fili: nan da'ira babba a guje, nan ƙarama a hankali, ki sauya wa doki ƙafar da yake jagora da ita a tsakiya, ki tsaya cak, ki ja shi da baya. Wadda ba ta iya hawa ba nan take ake gane ta. Maman Auta, dokin tseren ganga da zafin kai yake, ya saba da ya shiga fili ya fyalla. Shi za ta hau? Kuma ki tabbata takardar gwajin jininsa, wadda suke ce wa Coggins, ba ta haura wata 12 ba, in ba haka ba tun daga ƙofa za a maido ku.

Amma fa ni na sha wuya. Doguwar rigar fata na ba wata mai ɗinki, na biya rabin kuɗi, saura kwana biyar gasa ta kawo mini hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Har yau ba ta maido mini ko kwabo ba, in na kira sai ta ce tana tuƙi. Ga takalma da sai an rina sun yi daidai da launin riga. Yarinyata ta zo ta uku, wadda ta ci kuwa kakanta ne ya ba da shanun da aka yi wasan da su. Ban ce komai ba dai.

Maman Auta: Anti na gode. Ba dokin gangar za ta hau ba, tsohuwar ta ba ta aron wata goɗiya mai sanyin hali. Hajiya, wallahi ba irin yarinyar da kike zato ba ce. Rigunan ma duk masu dogon hannu ne har wuya, doka ce a filin. Sun fi kayan da 'yan makarantarsu ke sawa mutunci nesa ba kusa ba.

Hajiyar Dalas: Riga na da dogon hannu, wandon fa? Na je rodiyon Huston da jikokina, na ga wandunan da idona, kamar an zuba su a ciki. Kuma cikin makin akwai na fasali da na tafiyar nuna kaya a kan dandamali, Antin Oklahoma ki faɗi gaskiya, akwai ko babu? Ke dai kin riga kin yanke, so kike mu tafa miki.

Antin Oklahoma: Akwai, ban musa ba.

'Yar Katsina: Ni wannan magana ta tuna mini da gida. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, dawakinsa uku, duk Sallah da shi ake hawa. Ni ce mai jiƙa musu dusa da kanwa, ni ce mai ɗauko harawa, na san kowane linzami da likkafa a gidan nan, amma ko ƙilisa ba a taɓa bari na yi ba, wai mace ba ta hawa. A makaranta kuma ana koya mana Sarauniya Amina ta Zazzau a kan doki da takobi. Da ya rasu yayyena suka sayar da dawakin da sirdunan azurfa kafin a yi arba'in, ba wanda ya ko kira ni a waya. Har yau ban ga abin da ya zama rabona ba. Ki bar yarinya ta hau abinta.

Hajiyar Dalas: Hawa daban, tallar kai daban. Ba wanda ya hana ta hawa. Tsaya ma tukuna, Maman Auta, duk dogon labarin nan ban ji inda kika ce ga abin da Babanta ya ce ba.

Maman Auta: Yana wajen aiki a yammacin jiha, mako biyu yake yi ya dawo. Ya san tana hawa, shi ya saya mata ƙaimi ma.

Hajiyar Dalas: Ba shi na tambaya ba. Wa ya sa hannu a takardar?

Maman Auta: Ni na sa, Hajiya. Ranar ce ta ƙarshe, kuma inda yake waya ba ta cika shiga ba. Da na tsaya jiransa da an rufe. Kuma kuɗin shigar daga adashina na cira, ban taɓa na cefane ba. Ku ba ku ga fuskarta ba ne. Daren jiya na leƙa ɗakinta ƙarfe ɗaya, na same ta a gaban madubi da malafa a kai, ta soke ta da filoli ta cikin ɗankwali, tana girgiza kai da ƙarfi don ta ga ko za ta faɗi. Wai in malafa ta faɗo a fili an rage maki. Goshinta duk ya yi ja.

Antin Oklahoma: Haka ne, su har cewa suke in malafarki ta taɓa ƙasa, to gara a ce kanki na ciki. Shawarata ki rubuta wa shugabar kwamitin gasar, ki tambaye ta maganar ɗankwali, ta ba ki amsa a rubuce. Kada ki bari sai ranar.

Uwar Tagwaye: A'a Anti, kar ta tambaya! Tambaya ita ke jawo doka. In takardar dokokinsu ba ta hana ba, ta shiga kawai. Ni da na tambayi makarantar yarana ko za su iya sallar azahar a laburare, sai da aka yi zama uku a kaina, alhali da can suna yi ba wanda ya kula. Ko kuma ki duba rodiyon Bill Pickett, na baƙaƙen fata ne, tun 1984 suke yawo gari-gari da shi, ƙila can ta fi sakewa.

Maman Auta: Ita ta garinmu take so, nan ƙawayenta suke. Kuma takardar cewa ta yi "kayan kaboyi cikakku", ba ta ambaci gashi ba. Wani abin kuma da na manta, kowace yarinya sai ta nemo 'yan kasuwar da za su ɗauki nauyinta a sa tallarsu a littafin wasan. Ta riga ta samu mai shagon abincin dabbobi da likitan haƙorinmu. Yanzu in na janye ta, da wane ido zan kalle su?

Hajiyar Dalas: Kin ji ko. Idon mai shagon dusa kike ji, ba na mijinki ba. Ni na gama magana. Ki kira shi yau, ba gobe ba, in kuma kina jin nauyi ki ba ni lambarsa Alhaji ya kira shi.

'Yar Katsina: Haba Hajiya, ai sai abin ya ƙara girma.

Maman Auta: Alhamis zai dawo in sha Allahu, gara mu yi ta ido da ido. Asabar kuma akwai gwajin riƙe tuta, goɗiyar ba ta taɓa jin ƙarar tuta a bayan kunnenta ba. Anti, ku ya kuka yi kuka saba wa naku?

Uwar Tagwaye: Don Allah cikinku wa ke da mai zuwa daga Kano wannan watan? Daddawata ta ƙare.